Tabon Baba Sito

A ƙarshen barandar da ke bayan ajin kimiyya akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Ƙofarsa ta ƙarfe ce, kwadonta kuma ya fi na ofishin shugaban makaranta girma. A nan ake ajiye kayan badujala: ganguna tara, ƙahoni goma sha huɗu, faifan tagulla biyu da ake gwarawa, da wani ƙaton ƙaho mai naɗe mutum kamar mesa, wanda rabon da a sami ɗalibin da zai iya ɗaukarsa shekara shida ke nan. Mai kula da ɗakin wani gajeren dattijo ne mai tabo a gefen hagu na leɓensa na sama. Sunansa na yanka yana cikin fayil a ofis, amma tun daga shugaba har mai shara Baba Sito suke ce masa. Shi kansa in an kira shi da wancan sunan sai ya waiwaya ya ga ko da wa ake.

Ba da aikin sito ya fara ba. Ɗan mai gyaran keke ne, na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ya shiga badujalar makarantarsu yana ɗan shekara goma sha biyu, don kawai ya ji an ce 'yan badujala ba sa yankan ciyawa ranar Asabar. Aka miƙa masa ƙaho saboda shi ne ya rage a kan kanta. Sai ga shi abin ya karɓe shi, kafin shekara biyar shi ke tsayawa a farkon layi. Malaminsu tsohon soja ne da ya san magani ɗaya tak ga kowace cuta, wato a ƙara. In hannu ya gaji, a ƙara. In leɓe ya kumbura, a ƙara.

Ana saura mako guda a yi faretin ƙarshen shekara leɓen yaron ya tsage. Ya shafa man zafi har ya daina jin wurin, ya riƙa danna ƙahon da ƙarfi a kan haƙoransa, domin idan leɓe ya gaza da danniya ake kamo sauti na sama. Kwana shida yana haka. Ranar faretin, a tsakiyar sauti mafi tsawo, ya ji wani abu ya tsinke a cikin naman leɓen kamar zaren maɓalli. Bai ji zafi sosai ba, man ya hana. Abin da ya ji shi ne iska tana fita ta gefen bakinsa. Ya ƙarasa faretin da ƙaho a baki, na kusa da shi suna rufa masa asiri. Likita ya ɗinke abin da zai ɗinku, ya ce da an huta tun tsagewar farko da ba a zo nan ba. Tun daga ranar bai sake fitar da sauti daga ƙaho ba.

Ya koma rumfar ubansa. Ya yi shekara goma sha bakwai yana faci da ɗaurin sarƙa, ya kuma koyi liƙin ƙarfe da miƙar da abin da ya lotse. Wannan ne ya kawo shi makarantar nan: wata rana motar ɗalibai ta taka ƙaho biyu, aka rasa mai gyara, wani ya tuna da mai keken bakin titi. Ya gyara su, shugaba na lokacin ya dubi aikin, ya miƙa masa makulli.

Ba a ɗauke shi don kula da lafiyar kowa ba, amma a hankali aikin ya koma haka. Kowane ƙaho yana da ɗan ƙoƙon ƙarfe da ake ɗora wa leɓe, wanda ɗalibai ke kira baki. Duk ranar Juma'a da safe yakan zare bakunan nan goma sha huɗu ya dafa su a tukunya a kan risho, kuma bai yarda biyu su yi tarayya a baki ɗaya ba, tun shekarar da ƙuraje suka bi layin masu busa daga dama zuwa hagu. Waɗanda ke tsayawa a gaban ganguna yakan ba su auduga su toshe kunne. Yakan naɗe tsohon tawul ya cusa a ƙarƙashin igiyar babbar ganga don kada ta ci kafaɗa. In ya ga makaɗi yana yarfa hannu sai ya ce, “Kawo in gani,” ya murza wuyan hannun, ya sa shi ya sassauta riƙon sanda. Yana da wata tsohuwar ƙararrawar keke a ɗaure a jikin taga. Bayan kowane minti ashirin sai ya kaɗa ta, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya sha ruwa, ko da kuwa ana tsakiyar waƙa.

Abu ɗaya ne ba ya magana a kansa, shi ne leɓe.

A shekararsa ta farko wani ɗalibi mai rawar kai ya tambaye shi abin da ya sami bakinsa. Ya ce, “Ƙaho ne.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma gaskiya ne. Ɗalibai suka ɗauki kalmomin nan biyu suka yi ta kiwonsu, aji yana miƙa wa aji, har suka yi ƙiba. Aka ce ya taɓa yin busa gilashin taga ya tsage. Aka ce ya daina ne don bai ga wanda ya kai ya saurare shi ba. Wasu suka ce rantsuwa ya yi. Duk yana jin su ta taga, bai taɓa gaskatawa ba, bai kuma taɓa ƙaryatawa ba. In ya shigo filin atisaye yara sukan miƙe tsaye, abin da ba sa yi wa malamin lissafi. In gardama ta tashi a kan wanda ya fi iya busa, shi ake kai wa, ya saurara ido rufe, ya nuna ɗaya da haɓa, magana ta mutu. Mutumin da aka daɗe ana kira “kai mai keke” bai ga dalilin da zai sa ya hana yara miƙewa ba.

Matarsa, wadda duk layinsu ke kira Inna, ta san komai, ba ta kuma taɓa kai zancen waje ba. A gida dai takan ajiye masa kofi ta ce, “Sarkin busa, ga shayinka. A sha a hankali kada ya fita ta ƙofar gefe.”

Shekara uku da suka wuce babban ɗansu ya sami aiki a wani gari mai nisa, ya bar musu 'yarsa don ta ƙarasa karatu. Jikalle suke kiranta. Doguwa ce, ta fi kakan nata tsawo tun tana aji biyu, ga taurin kai wanda Inna ta ce ta san inda aka samo shi. Ta shiga badujala ba tare da ta yi shawara da kowa ba, ta zaɓi ƙaho, kuma cikin ɗan lokaci ta zama ita ke tsayawa a farkon layi. A makaranta Baba Sito take ce masa kamar kowa, a gida kuwa Tsoho. Burinta ɗaya ne, ta shiga kwalejin kiɗa, wadda ke yin gwajin ɗaukar ɗalibai sau ɗaya a shekara.

Ana saura kwana tara gwajin, suna karyawa da safe, ya lura tana shan shayi ta gefen baki. Da ta ajiye kofin ya ga ɗan ja a bakinsa.

“Jikalle, juyo nan.”

“Na makara, Tsoho.”

“Makullin rabin makarantar yana aljihuna. Juyo.”

Ta juyo. Leɓen na sama ya kumbura, ya tsage a tsakiya, yana ƙyalli da man zafi. Warin man kaɗai ya isa ya sa dattijon ya ajiye burodin da ke hannunsa.

“Na biyu ke nan,” ta ce, da muryar wadda ta ci jarrabawa. “Saura ɗaya.”

“Saura ɗaya me?”

“Fashewa mana. Sai leɓe ya fashe sau uku yake nuna. Daga nan ya zama kamar fata, ba ya ƙara gajiya. Kowa ya sani.”

Ya sha jin wannan magana tana yawo a bakin yara, ya ɗauka irin shirmen nan ne nasu da ke wucewa da kansa. Ya ce, “Wane mahaukaci ne ya gaya muku?”

“Kai.”

“Ni? Yaushe?”

“Ai ba sai ka faɗa ba. Naka sau bakwai ya fashe, shi ya sa babu kamarka.”

Inna, wadda ke kwashe kofuna, ta ce, “Bakwai? An yi ƙari. Bara biyar na ji.”

Da rana ya tasa ta gaba zuwa ɗakin shan magani. Nas ta sa safar hannu, ta matsa leɓen tsakanin yatsu biyu, yarinyar ta yi tsalle. Nas ta ce tsagewar waje ba ita ce abin tsoro ba, naman ciki ne ya wahala, har ya fara ƙullewa a wuri ɗaya. Ta ce mako uku babu ƙaho, a daina man zafi, a riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta. In aka ci gaba da dannawa yana iya tsinkewa, in kuwa ya tsinke ba kullum yake komawa ba. Jikalle ta ce to, cikin ladabi, irin ton da ake yi wa mai ba da kwatancen wurin da ba za a je ba.

Ya gaya wa Malamin Kiɗa. Wannan saurayi ne mai haƙuri, wanda tun zuwansa yake koya wa yara su fara da sauti mai laushi kafin su hau sama, su huta gwargwadon abin da suka busa, su bar iska ta yi aikin da suke sa hannu ya yi. Malam ya hana Jikalle atisaye, ya kuma yi wa ajin bayani har da zanen leɓe a allo. Yara suka saurara da kyau. Da ya fita sai wani ya ce, “Malam a littafi ya gani, Baba Sito kuwa a jikinsa yake,” sauran suka gyaɗa kai.

Baba Sito ya zare bakin ƙahonta ya sa a aljihu. Washegari, lokacin hutun tara, ya jiyo busa daga bayan tankin ruwa. Ta ari bakin wata ƙawarta, ƙarami mai kaifin gefe. Ya tsaya a ƙofar sito yana saurare. Sautin ƙasa lafiya lau yake fita, amma da ta hau sama sai ya sirance, ya shaƙe, kamar ana matse shi ta ƙarƙashin ƙofa. Ya san wannan sautin. Ya taɓa jin sa daga ciki, kwana shida a jere.

A hanyarsu ta komawa gida, daidai gaban shagon mai wanki, ya tsaya ya ce, “Jikalle, ban iya busa ba. Shekara arba'in da shida ban fitar da sauti ko ɗaya ba. Sau ɗaya ya tsinke, shi ke nan.”

Ta dube shi daga sama, ta yi dariya. “Tsoho, wannan dabarar ta girme ka. Inna ce ta kitsa maka?”

“Gaskiya nake gaya miki.”

“To, na ji. Ni ma ban iya cin abinci ba.” Ta karɓi jakarsa ta rataya, ta yi gaba.

Ya sami Inna a tsakar gida tana shanya, ya ba ta labari. Ta kaɗe riga ta ɗora a igiya kafin ta amsa.

“Shekara ashirin da tara kana zaune suna gina maka bene, yau kuma kana so ka rushe shi a gaban mai wanki? Yarinyar nan ba maganarka take ji ba, tabonka take kallo.”

“To in cire shi in ajiye?”

“Ka san abin da za ka yi. Kunya ce kawai.”

“Kunya ce kawai,” ya maimaita, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

“Ni dai mai faci na aura, ban ga abin da ya rage ni da shi ba. Miƙo mini wancan zanen.”

Ya yi tunanin ya kira ta ita kaɗai cikin sito ya rufe ƙofa. Amma maganar fashewa uku ba a kanta kaɗai take ba, tana cikin kawuna arba'in, kuma waɗanda za su shigo baɗi za su tarar da ita tana jiransu.

Ranar Laraba da la'asar, ana saura kwana shida gwajin, 'yan badujala suka taru a fili. Jikalle tana zaune a kan benci a gefe, wai hutu take yi, bakin aro yana cikin safarta. Baba Sito ya kunna risho duk da ba Juma'a ba ce, ya dafa baki ɗaya, ya goge shi, ya sa a ƙaho. Sannan ya fito da ƙahon a hannu.

Yara suka miƙe. Da suka ga abin da yake riƙe da shi sai filin ya yi tsit. Mai babbar ganga ya rungume gangarsa don kada ta yi ƙara. Wasu biyu suka dubi tagogin ajin kimiyya suka ɗan matsa. Malamin Kiɗa, wanda shi ma ya ji labaran, ya sauke sandarsa.

Dattijon ya tsaya yadda ake tsayawa, ƙafafu daidai kafaɗa, gwiwar hannu a buɗe, haɓa a miƙe. Ko makaho ya san wannan ba yau ya fara riƙe ƙaho ba. Ya ja numfashi tun daga ciki, ya ɗora baki a leɓe, ya busa.

Abin da ya fito shi ne irin ƙarar da taya ke yi idan ta taka ƙusa.

Ya sauke, ya lashi leɓe, ya sake. Kumatunsa suka cika, jijiyar wuyansa ta tashi, iskar ta bi ta gefen hagu ta fice tare da ɗan yawu. A karo na uku bai tsaya ba. Ya kama waƙar faretin da suke koyo tun farkon zango, yatsunsa uku suna hawa suna sauka a kan maɓallan ƙahon, babu kuskure ko ɗaya, har da ɗan juyin nan na tsakiya da ke kayar da kowa. Ana jin taf-taf ɗin maɓallai sarai, ana jin huci, ba a jin komai bayan wannan. Ya kai waƙar har ƙarshe, domin a ganinsa abin da aka fara a ƙarasa shi.

Wani ɗan aji ɗaya ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya make shi.

“Ƙyale shi,” in ji Baba Sito, yana goge haɓa da hannun riga. “Abin dariya ne. Wannan shi ne leɓen da ya nuna. Sau ɗaya ya tsage, na shafa man zafi, na danna, na ƙi hutawa kwana shida. Ina da shekara goma sha bakwai. Gilashi kuwa ban taɓa fasawa ba, sai na fitilar wani keke, shi ma faɗuwa ya yi.” Ya dubi layin masu busa ɗaya bayan ɗaya. “Wanda ke da tsagewa a leɓe ya ɗaga hannu.”

Yaran suka dubi juna. Sannan hannu huɗu suka tashi. Malamin Kiɗa ya dube su, ya dafe kai.

Baba Sito ya koma sito ya zauna a kan kujerarsa. Ba a jima ba inuwa ta tare ƙofa. Jikalle ce, idonta ya yi ja.

“Ka yi mana ƙarya.”

“Ban taɓa cewa na iya ba.”

“Ka bari muna miƙe maka.”

“Wannan kam na bari.”

“Da daɗi?”

Ya yi ɗan tunani. “Da daɗi.”

Ta sunkuya ta zaro bakin aron daga safarta, ta dangwarar a kan teburinsa har ya yi tsalle. “A dafa wannan kafin a mayar mata. Kuma kada ka yi mini magana.”

Ba ta je gwajin ba. Ranar ta wuni a ɗaki da tsumman ƙanƙara a baki, ƙofa a rufe, Inna tana ajiye abinci a bakin ƙofar tana kwashe kwano. Malamin Kiɗa ya rubuta wa kwalejin, suka amsa cewa sai baɗi, ba su ƙara kalma ko ɗaya ba. Kwana goma sha ɗaya ba ta yi wa kakanta magana ba, in tana son gishiri sai ta ce, “Inna, ki ce wa mijinki ya miƙo.”

A makaranta kuwa miƙewar ta ragu. Manyan ɗalibai suka ci gaba na ɗan lokaci saboda sabo, ƙanana ba su ga dalili ba. Gardamar wanda ya fi iyawa ta koma wurin Malamin Kiɗa. Dattijon ya ji ta taga an yi masa sabon suna, wai Baba Faci, ya kuma lura cewa in ya ba da baya wani yakan yi “fsss” a hankali. Bai waiwaya ba. Yaran nan huɗu dai sun je wurin nas da ƙafarsu.

Da mako uku suka cika nas ta sake matsa leɓen, yarinyar ba ta yi tsalle ba. Nas ta ce a fara da minti biyar a rana, sauti na ƙasa kaɗai, a hankali. Jikalle ta zo sito bayan an tashi, ta tsaya a ƙofa ta miƙa hannu. Ya fito da bakin ƙahonta daga aljihu ya sa mata a tafi.

Ta ɗora ƙahon a leɓe kamar mai taɓa ƙwai, ta ja numfashi, ta saki sauti ɗaya mai tsawo. Yana ɗan rawa, amma sauti ne. Dattijon ya taso, ya ɗaga bayan hannunsa ya kai kusa da gefen bakinta na hagu, ya riƙe a nan. Sannan ya zagaya ya kai na dama. Ya sake dawowa hagu, ya daɗe.

Ta sauke ƙahon. “Tsoho, me kake nema a fuskata?”

“Iska.”

“Ka samu?”

“Ban samu ba.”

“To sai haƙuri.”

Ya koma kujerarsa ya zauna, ya cusa hannun a aljihu. Ya dubi agogo ya ce, “Saura minti huɗu. Kada ki hau sama.”